Babur da Juma'ar Wudil

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ranar Juma'a ya san ba a wuce Wudil da gaggawa. Tun kafin gada ake cin karo da tireloli da motocin shanu, a tsakaninsu kuma babura na kutsawa daga ƙauyukan Garko da Gaya da Warawa, wannan da buhun gero, wancan da tumaki biyu, wani da fasinja uku.

Akasarinsu Boxer ne na kamfanin Bajaj na Indiya, mai silinda ɗaya, wanda ba ya shan mai sosai, kayan gyaransa kuma na samuwa a bakin titi. Don zirga-zirgar gari aka ƙera shi, amma a nan shi ne jakin manomi da motar mai jego. A 2013 gwamnati ta hana acaɓa a birnin Kano, Wudil kuwa ba ta rabu da shi ba. Cire tallafin mai a 2023 ma ya ƙara masa daraja, har wurin ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote.

Sai dai wannan abin hawa na talaka yana goga kafaɗa da tirela a kan gada, mahayinsa ba hular kwano. Ya kamata ƙaramar hukuma da jami'an kiyaye haɗurra su ware wa babura tasha da layinsu ranar kasuwa. Harajin da ake karɓa a Kara ya isa a fara wannan aiki.