Ɗana, Ka Sayi Mai Nauyin

Garwa, Kamaru

Ɗana,

Ina fata kana lafiya, kai da maigidanka da sauran mutanen sansani. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka kuma kullum sai sun tambayi ranar da za ka zo.

Ranar da ka kira layi yana ta yankewa, amma na fahimci cewa an gama maka takardun riƙe bindiga, maigidanka ya damƙa maka bindiga 375, ya ce ka faɗi harsashin da za a sayo maka kafin a buɗe farautar bana a yankin Faro. Na kuma ji a muryarka inda zuciyarka ta karkata. Mai giren 270 kake so, don ka karanta a jikin kwali cewa ya fi gudu, ya fi ƙarfi. Da gangan na ƙi ba ka amsa a waya. Maganar ta shafi ranka, ta shafi ran mai bin sawun da zai shiga ciyawa a gabanka, shi ya sa na zauna na rubuto, don ka karanta a natse ka ajiye.

Ka sayi mai giren 300.

Giren tsohon ma'aunin Ingila ne, guda 15 da ɗan ɗoriya ke yin giram ɗaya. Ke nan mai 300 giram 19.4 ne, mai 270 kuma giram 17.5. Tun da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da wannan harsashi a 1912, nauyi uku ya yi masa: 235, 270 da 300. Na farko don ƙananan namun daji daga nesa, na tsakiya don aikin yau da kullum, na ƙarshe don masu kaurin fata da manyan ƙasusuwa. Kai kuwa aikinka ɓauna ce. Ba don mariya aka ba ka wannan bindiga ba, an ba ka ita ne don ranar da baƙon da ya zo farauta zai yi harbi bai samu daidai ba, ɓauna ta shige gamba da rauni a jikinta.

Kwalin bai yi maka ƙarya ba. Mai 270 yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, mai 300 kuma wajen 770. A lissafin ƙarfin da suke bugawa a kwali, gudu ake ninkawa da kansa kafin a ninka da nauyi, don haka duk wanda ya fi gudu sai ya fito da lamba mai kyau. Amma lambar nan a bakin bindiga aka auna ta, a sarari, babu fata babu ƙashi. Abin da kake bukata ka sani shi ne inda harsashin zai kai bayan ya shiga jiki.

Ka ɗauki mashi biyu masu kai iri ɗaya, kaifi ɗaya, faɗi ɗaya. Ɗaya ka ƙota shi da kara, ɗaya da itace mai nauyi. Na karan zai fi tashi da sauri daga hannunka, amma na itacen ne zai nutse, don da kan ya gamu da tauri akwai nauyi a bayansa da ke ci gaba da tura shi. Maharban da sun san wannan sarai, shi ya sa in za su tunkari giwa suke cusa sango a bakin adaka, dogon abu mai nauyi. Harsasan nan biyu faɗinsu ɗaya, ramin da za su fara hudawa ɗaya, amma mai 300 ya fi tsawo, ya fi nauyi a bayan kansa. Masu ƙera harsashi suna da lamba ta musamman da ke auna wannan, wato nauyi a kan faɗi. Ta mai 235 ita ce 0.239, ta mai 270 0.274, ta mai 300 kuma 0.305. Tsofaffin maharban Afirka sun daɗe da yarda cewa naman da ke iya juyowa ya kashe mutum, ana so lambar ta kai 0.300. Ka duba bindiga 9.3x62 da wani maƙerin bindiga na Balin, Otto Bock, ya fito da ita a 1905, wadda baƙinmu Jamusawa da Faransawa ke yawan zuwa da ita. Harsashinta da aka sani giren 286 ne, ba ya wani gudu, wajen mita 720 a daƙiƙa, amma lambarsa 0.305 ce, daidai da taka. Fiye da shekara ɗari ke nan tana kayar da ɓauna.

Yanzu ka tuna yadda ɓauna take in an feɗe ta, don ka sha gani. Fata mai kauri, sau da yawa da busasshiyar laka manne a kanta. Bayan fata ga tsokar kafaɗa mai tauri, ga ƙashin hannu, ga haƙarƙari masu faɗi da suka kusa hawan juna. Zuciya tana can ƙasa tsakanin ƙafafun gaba, huhu yana sama da ita. In ta tsaya ta ba ka gefe sosai, ko mai 270 zai isa inda ake so, ban musa ba. Amma sau nawa ka ga ɓauna ta tsaya maka haka? Wadda za ka harba kai, galibi ta riga ta ji ciwo. Ko dai ta karkace tana shirin gudu, sai harsashi ya bi ta bayan haƙarƙari ya ratsa tumbi cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa kafin ya kai huhu, ko kuma ta fuskanto ka, sai ya fasa ƙirji ko kan kafaɗa. Tumbin nan yana cinye gudun harsashi fiye da yadda kake zato. A irin wannan harbi giram biyun da ka raina su ne ke kai harsashi ƙarshen tafiyarsa.

Ga kuma ramin fita. Harsashin da ya ratsa ya fito ta ɗaya gefen yana barin ƙofa biyu, jini ya zuba a ƙasa da jikin ciyawa. Ka san ƙasarmu da rani, musamman kan marmara, inda kofato ba ya barin alama. Mai bin sawu yana tafe a sunkuye, idonsa a ƙasa, ƙudan tsando na cizon wuyansa, ba shi da komai a hannu sai sanda. Jinin nan shi ne hanyarsa. In ya ga ja mai kumfa ya san an samu huhu, tafiyar ba ta da nisa. In babu jini sai lalube, ita kuwa ɓauna mai rauni takan shiga duhuwa ta juyo ta tsaya tana jiran mai binta. Na yi shekaru ina wannan tafiya a gaban masu bindiga kafin a ba ni tawa, kuma har yau in na tuna wasu ranaku sai gabana ya faɗi. Mutumin nan yana da 'ya'ya kamar yadda nake da kai.

Za ka ce mai sauƙin ya fi tafiya a miƙe in nama yana nesa. Haka ne, amma in ka saita su biyun a mita 100, bambancin faɗuwarsu a mita 200 bai kai faɗin tafin hannunka ba. A dajinmu na Binuwai da Faro, da itatuwansa da ciyawarsa, da wuya ka ga an harbi ɓauna a nisan da ya wuce mita 100. Bai kamata ka sayar da zurfi don ka sayi nisan da ba za ka yi amfani da shi ba.

Sai dai nauyi kaɗai ba ya isa, dole ƙirar harsashin ta zama mai kyau. A 1946 wani Ba'amurke, John Nosler, ya je farauta a yammacin Kanada, ya harbi ƙaton naman nan na ƙasashen sanyi da ake kira mus, wanda laka ta bushe a kafaɗarsa. Harsashinsa mai gudu ne ƙwarai, amma sai ya tarwatse tun bai yi nisa cikin jiki ba. Da ya koma gida ya ƙera wani mai shamaki a tsakiya, gaba ta buɗe, baya ta tsaya dunƙule tana turawa, ya fara sayarwa a 1948 da sunan Partition. Darasin da ke ciki shi ne, yawan gudu yana iya zama maƙiyin harsashi mai rauni. Giren 300 da ya farfashe a kan ƙashi ya bar rabinsa a tsoka, giren 150 ne ya ci gaba da tafiya. Don haka ka nemi wanda aka manne darmarsa da rigarsa, ko mai shamaki, ko wanda aka yi da jan ƙarfe zalla irin na Barnes. Na jan ƙarfen nan kusan ba ya zubar da komai na nauyinsa, kuma ya fi na darma tsawo, shi ya sa a cikinsu kaɗai zan yarda maka da 270 in ba a samu 300 ba. Ka nemi kuma 'yan dunƙulallu, waɗanda ba sa buɗewa sam, su ma giren 300, ka sa su a ƙasan mai buɗewa don harbi na biyu da na uku. Amma kada ka fara da dunƙulalle a cikin garke. Zai ratsa ta farko ya shiga wadda ke bayanta, wataƙila mace mai ciki, ka tashi da rauni biyu.

Baƙi za su zo da nasu bindigogin, wata rana kuma kai za su tambaya. Mai bindiga 30-06 da ke son gwanki, ka ce masa giren 180. Gwanki yakan kai kilo 250 zuwa sama, yana da taurin rai, kuma in ya ji ciwo ƙahonsa abin tsoro ne. Giren 150 ya isa mariya da mazo, amma ban son ganinsa a kafaɗar gwanki ko gwambaza. Akwai mai 220 ma, yana shiga sosai, sai dai a hankali yake tafiya. In baƙo ya ce zai tunkari ɓauna da ƙaramar bindiga, ka kai maganar gun maigidanka, kada kunya ta hana ka. Ƙasashe irin su Tanzaniya sun sa 375 ta zama mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari nama mai haɗari da shi.

Wani a cikinsu zai kawo maka labarin Bell, Baturen Sikotilan da ake wa laƙabi da Karamojo, wanda ya kashe giwa fiye da dubu, yawancinsu da ƙaramar bindiga mai milimita 7. Gaskiya ne. Amma ka lura da abin da yake zubawa a ciki: dunƙulalle mai giren 173, wato dogo mai nauyi ƙwarai a kan faɗinsa, kuma sai da ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take. Ko labarinsa ma nauyi yake goyon baya. Ban kuwa so ka ɗauke shi abin koyi. Irin wannan kisa na neman haure shi ya ƙarar da giwa a wurare da yawa, mu ma mun ga namu a 2012, lokacin da mahaya dawakai suka shigo Buba Njida suka kashe ɗaruruwa. Kai a ƙarƙashin doka kake aiki, da lasisi da adadin da aka ƙayyade, kuma addininmu bai yarda a azabtar da dabba ba. Ka yi bisimilla kafin ka ja kunama, in ka iske da sauran rai ka yanka da sauri.

Sauran magana tsakaninka da bindigarka ne. Kowace bindiga da abin da take so. A cikin bututu akwai zane mai murɗawa da ke juya harsashi don ya tafi a tsaye, kuma dogon harsashi ya fi bukatar juyi. Na 375 yana riƙe giren 300 lafiya, amma kada ka yarda da wannan sai ka gani a takarda da idonka. Ka harba uku daga mita 100, ka bar bututu ya huce, ka ƙara uku. Ka gwada mai buɗewa da dunƙulalle ka tabbata wuri ɗaya suke sauka. In sun yi, ka tsaya a kansu, duk abin da ya taso da su za ka harba, daga gadu har ɓauna. Mai canza nauyi kowane mako, ranar da ta ɓaci ba zai tuna wanda ke ciki ba. Ka yi duk wannan tun baƙon farko bai sauka ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shurin 375 ya kusa ninka na 30-06, kuma mai 300 ya ɗan fi mai 270 bugu. Jikinka bai gama cika ba, na sani, kuma wannan ne kaɗai ke damuna. Ka matse gindin bindiga a kafaɗa, ka ɗan sunkuya gaba, ka riƙa gwaji a tsaye kan sandunan harbi kamar yadda za ka yi a daji. Ka sa wani ya riƙa zuba maka harsashi a ɓoye, wani lokaci ya bar ta babu komai. In ka ja kunama ba komai a ciki ka ga bakin bindiga ya yi ƙasa, to ka fara zabura, sai ka rage yawan harbi a rana, ka yawaita ja ba harsashi har abin ya bar ka. Ka toshe kunnuwanka wajen gwaji. Kada ka bar kwalin harsashi a gaban mota cikin rana, zafin Maris da Afrilu yana ƙara wa albarushi matsi.

Duk lokacin da aka feɗe nama, ka tsaya wajen masu fiɗa, ka bi hanyar da harsashi ya bi da yatsanka, ka ga abin da ya fasa da inda ya tsaya. In an same shi a ƙarƙashin fata ka wanke ka ajiye, ka rubuta naman da nisan da yadda ya tsaya lokacin harbi. In ka zo hutu ka taho da su, mu kai wa maƙerin zinariya a kasuwa ya auna mana, mu ga nawa ya rage a cikin giram 19.4. Takardar gwajin kuma ka ɗauki hotonta ka turo a wayar ƙanenka, ina so in gani kafin ku shiga daji.

Ka gaishe da maigidanka, ka gaishe da masu bin sawu ɗaya bayan ɗaya, ka riƙa girmama su. Allah ya tsare min kai, ya yi maka albarka.

Mahaifinka