Bindigar Mai Gidan Hayata

Duk wanda ya taɓa wanke kwanon silba ya san ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wajen neman ƙarfen bindiga aka same shi. A shekarar 1913 wani Bature mai suna Harry Brearley, a garin Sheffield na Ingila, yana neman ƙarfen da wutar albarushi ba za ta cinye cikinsa da wuri ba, sai ya tarar in aka zuba sinadarin kuromiyam kamar kashi 13 cikin ɗari, ƙarfen ba ya kama tsatsa. Masu wuƙaƙe da cokula ne suka fara cin moriyar abin, bindigar da aka yi wahalar dominta kuwa ta zo daga baya.

Ni dai jikan maharbi ne. Kakana bindigar toka gare shi, ƙirar maƙerin garinmu, kuma babban abokin gabarta damina. In aka yi sakaci ba a wanke ta an shafa mata mai ba, kafin a farga ciki ya yi ja. Shi ya sa da karatu ya kai ni jihar Wyoming ta Amurka, na ga bindigar tsohon da nake haya a gidansa, raina ya biya. Winchester ce samfurin 70, mai cin harsashin .264, irin wanda kamfanin ya fitar a ƙarshen shekarun 1950. Mahaifinsa ne ya saye ta sabuwa. Bututunta na wannan ƙarfe ne, amma baƙi wuluk, domin a zamanin maharba ba sa son bindiga mai ƙyalli, shi kuwa ƙarfen ba ya karɓar rinin da ake yi wa sauran. Sai a lulluɓe shi da ƙarfe na gama-gari tukuna sannan a rina. Remington ma rufe nata ta yi da baƙi a samfurin 700 na 1962. Rufin kan ɗaye da shekaru, ta tsohon ma duk ta yi dabbare-dabbare kamar mai ƙyasbi, amma babu ɗigon tsatsa.

To, mai karatu, ashe tsatsa daban, ƙonewa daban. Duk harbi ɗaya, wuta mai tsananin zafi da ƙarfi tana dukan wurin da harsashi ke fara shiga bututu, inda masu sana'ar ke kira maƙogwaro. A hankali wurin yana tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani, zanen murɗen da ke juya harsashi ya fara shafewa. Shi .264 albarushinsa da yawa, hanyar fitarsa kuma ƙarama, don haka ya yi suna wajen cin bututu. Ƙarfen silba yana ɗan jinkirta abin, ba ya hana shi. Mutumin da ke harba harsashi 20 kacal a shekara, in ya yi shekara 60 ya harba 1,200 ke nan, kuma ga irin wannan bindiga ba ƙaramin aiki ba ne. (Marubutanmu da jaruminsu ke ɓarin wuta daga babi na ɗaya har na ƙarshe da bindigar gado, Allah Ya ba ku haƙuri.)

Tsohon so yake ya ba jikarsa bindigar, yarinyar da ta fara binsa farautar barewa. Da ya ga harbinsa ya fara warwatsewa a kan takardar gwaji, sai ya kai wa maƙerin bindiga, ni ma na raka shi. Mutumin ya zura wata siririyar kyamara ya nuna mana ciki. Daga tsakiya zuwa baki fes, kamar jiya aka ƙera. Maƙogwaron kuwa ya zama bayan kada.

Zaɓi biyu ya ba shi. Ko a sa sabon bututu ta dawo tana harbi daidai, amma darajarta ta faɗi a wurin masu tara Winchester ta kafin 1964, ko a bar ta yadda take a rataye a bango. A mota tsohon bai ce uffan ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Ɗana, kai da kakanka maharbi ne, me za ka yi?"

Na ce, "Baba, a canza." Ban ji daɗin faɗa ba, don na ga yadda yake shafa ƙarfen da hannun mahaifinsa ya taɓa. Amma na san abin da bindiga mai kuskure ke yi. Ba ta barin dabba ta tsira lafiya, ciki take fasa mata ko ta karya mata ƙafa, ta shige daji ta kwana biyu tana shan azaba kafin ta mutu inda ba wanda zai ci namanta. Kakana ya taɓa bin sawun jini wuni guda saboda haka, ya dawo bai yi wa kowa magana ba. Ban so yarinya ta fara farautarta da wannan ba.

Bai canza a shekarar ba. Ya ara wa jikar tasa wata bindigar, ita kuwa Winchester ta koma kabad. Sai bayan na dawo gida ya aiko mini da hoto: sabon bututu fari tas a jikin tsohon katakon, tsohon bututun kuma ya kafa shi a saman ƙofar falo da ƙusa biyu.