Tsakanin "Albarka" da "Na Sallama"

Duk wanda ya taɓa rakiyar mahaifinsa kasuwar dabbobi ya san kalmomi biyu da ciniki ke tafiya a kansu. Mai saye ya taya, dillali ya ce "albarka", a ƙara, ya sake cewa "albarka", har a kai inda zai juya ya dubi mai dabba. Dillali yana da ikon faɗin "albarka" sau ɗari in ya ga dama, amma "na sallama" ba tasa ba ce, ta mai igiya ce. Na san wannan tun ina yaro, amma ban fahimce shi ba sai da na girma, na yi digirin digirgir a fannin adabi, sa'an nan na ci kunya a gaban abokan aikina.

Bari in fara daga watan Disamba na 2013. A lokacin ina ƙaramin malami, ina zaune a unguwar Tunga a nan Minna, hunturu ya kankama, aljihu kuma ya bushe. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, wato ASUU, ta shiga yajin aiki tun 1 ga Yuli, bisa rashin cika yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 2009. Ranar 4 ga Nuwamba shugabanninta, a ƙarƙashin Dakta Nasir Fagge, suka zauna da Shugaba Goodluck Jonathan a fadarsa, aka shafe kimanin awa 13 ana tattaunawa. Gwamnati ta yi tayin zuba Naira biliyan 200 a jami'o'i a wannan shekara, da biliyan 220 kowace shekara har shekara biyar. Jama'a suka ce ai magana ta ƙare, gobe za a koma aji. Sai shugabannin suka fito suka ce za su kai wa 'ya'yan ƙungiya saƙo.

Ba zan ɓoye ba, har da ni cikin masu gunaguni. Na ce wane irin shugabanni ne waɗannan, shugaban ƙasa da kansa ya ba su daren duniya, amma ba za su iya cewa "to" ba? Ashe ƙa'idar ƙungiyar ke nan: a kai tayin ga kowane reshe, malamai su taru su yi muhawara su yanke, sa'an nan wakilan rassa su haɗu a majalisar zartaswa ta ƙasa. A kan hanyar zuwa irin wannan taro a Kano ne Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar kuma marubucin ƙagaggun labarai irin su Violence da Heroes, ya rasu a hatsarin mota kusa da Lakwaja, ranar 12 ga Nuwamba. Aka ɗage taron. Bayan haka ƙungiyar ta nemi a ajiye kuɗin a Babban Bankin Nijeriya a nuna shaida, a rubuta cewa ba za a muzguna wa kowa ba saboda yajin, a kuma sa hannu a gaban shaida. Ranar 11 ga Disamba aka sa hannun, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, Abdulwahid Omar, ya zama shaida. Duk da haka ba a janye ba, sai da majalisar ta zauna a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke garin nan, ranar 17 ga Disamba aka sanar da dakatar da yajin. Kwana 43 ke nan tsakanin zaman fada da sanarwar Minna.

Shekaru suka shuɗe, sai ga shi an ɗora mini shugabancin wani ɗan kwamiti na reshenmu, domin tattaunawa da hukumar makarantarmu a kan wasu alawus-alawus da suka taru. Mu biyar ne. Akwai wani dattijo da ya ga jiya ya ga yau, wanda ya kan ba mu labarin zamanin da gwamnatin Janar Babangida ta haramta ƙungiyar a 1988 da kuma 1992, da yadda duk da haka aka samu yarjejeniyar Satumba 1992 a ƙarƙashin Attahiru Jega, wadda daga cikinta aka haifi asusun harajin ilimi da a yau ake kira TETFund. Akwai wani matashi mai zafin kai, wanda a wurinsa duk murmushin da ka yi wa hukuma cin amana ne. Akwai malamin lissafi, wanda ba ya yarda da magana sai ya ga lamba. Akwai kuma wata malama mai ƙarancin magana, wadda muka ba riƙon alƙalami.

Da farko na ɗauka aikina shi ne fuskantar mutanen da ke ɗaya gefen teburi. Mako biyu ba su cika ba na gane cewa rabin aikin yana gefena. Ranar zamanmu na farko, mutum uku daga cikinmu suka faɗi buƙata uku mabambanta a cikin minti goma. Na ga ma'ajin hukuma yana murmushi yana rubutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da muka fito dattijon nan ya ja ni gefe ya ce, "Dakta, rundunar da kowa ke busa ƙaho ba ta cin yaƙi. Ka raba mana aiki."

Muka zauna muka shimfiɗa wa kanmu dokoki. Baki ɗaya ne zai yi magana a teburi, wanda ke da abin cewa ya rubuto a takarda ya miƙo. In saɓani ya taso a tsakaninmu, mu nemi a ɗan ɗaga zaman, mu fita waje mu daidaita. Ba wanda zai gana da wani jami'in hukuma shi kaɗai, ko a ofis ko a gidan biki. Duk abin da aka faɗa a rubuta, ɓangarorin biyu su sa hannu kafin a tashi. Matashin nan kuwa ban cire shi ba, ko da yake an ba ni shawarar haka. Na sa shi ya zama mai kawo mana ra'ayin ƙananan malamai, domin zafin da yake zuwa da shi ba nasa ba ne shi kaɗai, zafin mutanen da suka aiko mu ne. Kwamitin da babu irinsa a ciki ya kan manta da yunwar waɗanda yake wakilta.

Abin mamaki, wanda ya karya dokokin nan ni ne. Wani dare, bayan zama na shida ko na bakwai, mun gaji tilis, an yi sallar isha'i an dawo, hukuma ta kawo tayi: za a biya rabin bashin nan take, sauran kuwa "za a duba yadda za a biya shi da zarar hali ya samu". A gida na bar yaro ba lafiya, kuɗin haya ya ƙarato, na kuma san gidaje da yawa da suka fi nawa ƙunci. Shugaban ɗaya ɓangaren, mutum mai fara'a, ya dafa kafaɗata a bakin ƙofa ya ce, "To Dakta, mun rabu a kan haka ko?" Na ce, "In sha Allahu ba matsala, ranka ya daɗe." Kalma takwas ke nan, ban shawarci kowa ba. Kafin gari ya waye labari ya bazu cewa ƙungiya ta amince.

Da safe malamar nan ta same ni a ofis, ta ajiye daftarin a gabana, ta sa yatsa a kan wani layi. Ta ce, "Malam, karanta nan." An rubuta cewa za a biya "ma'aikatan da ke bakin aiki". Ta ce, "Waɗanda suka yi ritaya fa? Wanda muka kai makwancinsa bara fa? Matarsa ta zo wurina sau biyu tana tambaya." Jikina ya yi sanyi. Marigayin nan tare muka yi aikin da ake bin kuɗinsa, ya bar marayu, ga shi kalma biyar sun share sunansa, ni kuwa na ce ba matsala.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne sana'ata. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa daɗin waƙa yana cikin kalmar da ke ɗauke da ma'ana biyu ko uku, ina yaba wa mawaƙin da ya iya sakaya zance. Na manta cewa abin da ke ado a waƙa guba ne a yarjejeniya. "Za a duba" ba ta da rana, ba ta da adadi, ba ta da mai ɗaukar alhaki. A nan na tuna gunagunina na 2013, na gane dalilin da ya sa mutanen nan suka nace sai an faɗi banki, an nuna shaida, an kawo mai shaida. Ba taurin kai ba ne, sun sha ganin "za a duba" ne.

Ranar babban taron reshe ɗaki ya cika maƙil. Kafin in buɗe baki wani ya ɗaga murya daga baya, "Kwamared, nawa aka ba ka?" Aka yi dariya, dariyar da ba ta da daɗi. Ban taɓa karɓar ko kwabo ba, amma na ga ba ni da bakin yin fushi, domin wanda ya sallama abin da ba nasa ba ya buɗe wa zargi ƙofa. Na faɗi gaskiyar abin da ya faru, na ce kuskure nawa ne ni kaɗai, na kuma ajiye shugabancin kwamitin a gabansu. Mai karatu zai yi mamakin wanda ya miƙe ya kare ni: matashin nan mai zafin kai. Ya ce ya fi kowa saɓawa da ni a cikin ɗaki, amma bai ga alamar cin amana ba, gajiya ya gani. Taro ya ƙi tayin, ya kuma mayar da mu teburi, mu biyar ɗin, da umurni a rubuce.

Komawar ba ta yi daɗi ba. Aka ce mana dattijo ba ya magana biyu, na amsa cewa maganar ba tawa ba ce tun farko, aro na yi ba da izini ba. Muka ƙara wata guda ana ja-in-ja, wata guda da iyalai suka ji a jikinsu, wasu har yau suna ganin da an karɓi rabin nan da wuri da ya fi. Ba zan ce ba su da hujja ba. Ba mu sami duk abin da muka nema ba, amma takardar ƙarshe ta fito da ranakun biya, ta kuma ambaci waɗanda suka yi ritaya da magadan waɗanda suka rasu. Ranar da matar marigayin ta aiko ɗanta da godiya, wurin malamar na tura shi.

Ga ɗalibanmu da ke karanta wannan mujalla, na san yajin aiki ya cinye muku watanni, wata takwas a 2022 kaɗai, kuma kuna da haƙƙin jin haushinmu. Amma cikinku akwai waɗanda gobe za a aika su yi magana da yawun jama'a, ko a ƙungiyar ƙwadago, ko a neman aure, ko a rabon gado. In ranar ta zo, kuka gaji, wani mai fara'a ya dafa kafaɗarku a bakin ƙofa, ku ce masa sai kun koma wurin masu igiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma ba mu ikon riƙe amana.