Ɗakin Da Ke Duban Baya: Kwana Bakwai A Teku Daga Santambul

A wannan mako za mu ba ku labarin wani ɗaki da muka yi haya a bisa ruwa. Dalilin kawo labarin shi ne, 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya ƙasar Turkiyya sun yawaita, haka kuma ma'aikata masu neman inda za su kai iyali hutu, da yawansu kuwa sun ga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa a bakin gaɓar Santambul, ransu ya biya. To, mu mun shiga, mun biya kuɗinmu, mun ga daɗinsa mun ga wuyarsa, ya kamata mu faɗa muku gaskiya kafin wani ya zuba dukiyarsa.

Irin jirgin nan gari ne guda. Tsawon wanda muka shiga ya kusa mita 300, benayensa sun fi goma, mutanen cikinsa dubbai. Ɗakunan kwana kuwa daraja-daraja ne. Akwai na can ciki marasa taga, su ne masu araha. Akwai masu tagar da ba ta buɗuwa, akwai masu baranda a gefen dama ko na hagu. Sa'an nan can ƙarshen jirgin, watau gindinsa, akwai waɗansu 'yan ɗakuna da barandarsu ke duban inda aka baro. Waɗannan ba su da yawa, domin jirgi dogo ne amma ba shi da faɗi, saboda haka da wuri ake kama su, kuɗinsu kuma yakan ɗara na maƙwabtansu.

Wani aminimmu da ya saba tafiyar ruwa ya ba mu shawara mu kama ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa-ƙasa. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Idan teku ta motsa, goshin jirgi da gindinsa ne ke ɗagawa su sauka, tsakiya kuwa ba ta cika motsi ba, kamar yadda na kujerar bayan mota ya fi kowa jin gargada. Amma dillalin da ya sayar mana da tikiti ya yi ta yabon ɗakin baya, ya ce barandarsa ta fi zurfi, iska ba ta dukanta, kuma ba mai ganin iyalinmu. Wannan magana ta ƙarshe ita ta ja hankalinmu, muka biya.

Ranar tashi muka shiga ta tashar Galataport, wadda aka buɗe a 2021. Bayan la'asar sakaliya jirgi ya yi kuka, aka kwance igiyoyi, muka fito baranda muka zauna. Kai, jama'a, abin da muka gani a sa'a guda ɗin nan shi kaɗai ya kusa biyan kuɗin ɗakin! Da jirgin ya kewaye tsinin ƙasar da fadar Topkapi take, ya miƙa yamma cikin tekun Marmara, sai tsohon birnin ya shimfiɗu a gabanmu gaba ɗaya. Ga Aya Sofiya, wadda aka gama ginawa a 537 tana majami'a, ta zama masallaci bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Alfatih ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, sa'an nan aka koma salla a cikinta a 2020. Kusa da ita ga masallacin Sultan Ahmad da hasumiyoyinsa shida. Rana tana faɗuwa ta gaban jirgi, haskenta ja wur yana sauka a kan ƙubbobin, mu kuwa muna kallo suna ƙanƙancewa sannu-sannu har duhu ya haɗiye su. Mutanen ɗakunan gefe minti kaɗan suka ga wannan ya wuce su. Mu ba mu ko juya wuya ba.

A ƙarƙashinmu kuwa ga farin kumfa da farfelar jirgin ke tayarwa, ya miƙe sambal kamar titi har inda ido ya tsaya. Ƙarar ruwan nan ba ta yankewa dare da rana, kuma mun same ta mai sa natsuwa. A nan muka riƙa yin karatunmu na safe. Maganar iska ma gaskiya dillali ya faɗa. Jirgi yakan yi tafiyar kilomita 35 ko fiye a sa'a, wanda ya leƙa ta gefe sai ya dafe hularsa, mu kuwa jikin jirgin duka ya tare mana, ko takarda ba ta tashi daga kan tebur.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Kashegari da hantsi mai ɗakinmu ta fita baranda shan iska da ɗankwali kawai, ba a jima ba sai ga ta ta dawo da sauri. Ta ce, "Alhaji, ashe a bainar jama'a muke zaune." Muka fita muka ɗaga kai, sai ga Turawa biyu a benen sama sun jingina da ƙarfe suna shan shayi, suna ganin rabin barandarmu tar. Ba laifinsu ba ne. Gindin jirgin an gina shi hawa-hawa ne kamar matakala, kowane bene ya fi na samansa fitowa waje, rufin bai kai ƙarshe ba. Zurfin da aka yaba mana shi ne ya tona mu. Da mun nemi taswirar benayen jirgin da hoton bayansa kafin mu biya, da mun gane, domin akwai jiragen da gindinsu a miƙe yake, kowace baranda a rufe. Tun daga ran nan kujerar Hajiya ta koma jikin ƙofa, inda rufi ya kai, ko kuwa ta fita da mayafinta.

Sauran wahalhalun ƙanana ne. Bututun hayaƙin jirgi yana sama, wani lokaci iska takan zubo da ɓurɓushin baƙi a baya, farar dardumar da muka manta a waje ta shaida haka. Duk safiyar da za a tsaya a wata tasha, ɗakin yakan ɗauki makyarkyata sa'ad da ake juya jirgin, ƙofofin kabad suna kaɗawa, babu zancen komawa barci bayan asuba. Tafiya zuwa lifta kuwa doguwa ce cikin siririn lungu. Wanda zai tafi da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko mai saurin tashin zuciya, shawarar aminimmu ita ce daidai gare shi.

Batun alƙibla ya sa mu lura ƙwarai. Daga Santambul Ka'aba tana kudu maso gabas. Muna cikin Marmara, idan muka daidaita sai teku ta koma hagunmu. Da muka ratsa mashigin Dardanel da dare, muka bi ta ƙarƙashin gadar Canakkale da aka buɗe a 2022, wadda tsakanin ginshiƙanta biyu mita 2,023 ne, jirgi ya juya kudu, sai ya zama dole mu ba teku baya mu fuskanci wajen ƙofar ɗaki. Malamai sun ce mai salla cikin jirgin ruwa ya fuskanci alƙibla, ya tsaya in zai iya, in jirgi ya juya ya juya tare da ita gwargwadon iko. Kamfas na cikin waya yakan rikice saboda ƙarfen jirgi, don haka muka fi dogara da taswirar da ake nunawa a talabijin ɗin ɗaki, wadda ke nuna inda jirgin ya sa gaba. Zurfin barandar ya yi mana rana a nan, domin darduma biyu sukan shimfiɗu a ƙarƙashin rufin ba takura.

Mun tsaya a Kushadasi, mun tsaya a tsibirin Rodos na ƙasar Girka, wanda Sarki Sulaimanu ya ci a 1522, har yanzu masallaci mai sunansa yana nan cikin ganuwar tsohon garin. Ko'ina, barin gari ne rabonmu, ba isa gare shi ba. Ranar komowa Santambul muka fito baranda da sassafe muna ɗokin ganin hasumiyoyin nan, sai muka tarar ba komai gabanmu sai ruwa da kumfa, birnin yana can ta goshin jirgi. Dole muka sa takalma, muka bi dogon lungun nan, muka hau rufin jirgi muka tsaya cikin jama'a, iska tana kaɗa mana riga.