Abin da Na Gano wa Yaya a Lambun Disney

Duk wanda ya ji an ambaci Disney World, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne lilo da majigin yara da ɓeran nan mai faffaɗan kunnuwa, Mickey Mouse. To, a cikin wannan makeken wurin shaƙatawa da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka akwai wani sashe da ake kira EPCOT, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1982. A cikinsa kuma akwai wani gini mai suna The Land, wanda a bayansa ba a yin komai sai noma. Noma na gaske fa, ba na roba ba, domin latas da kokwamba da kifin da ake samu a nan suna ƙarewa ne a farantan masu cin abinci a cikin ginin.

Yawancin masu ziyara a kwalekwale suke ratsa wurin. Ka zauna, ruwa ya ja ka a hankali ta tsakiyar rumfunan shuka masu rufin da haske ke ratsawa, kafin kwatan awa an fito da kai ta ɗaya ƙofar kana ta mamaki. Amma akwai wani zagaye daban da suka sa wa suna Behind the Seeds, wanda ake biya wa kuɗi na musamman, a bi da ku a ƙafa na kimanin awa guda ta ƙofar ma'aikata. Shi na shiga a shekarar 2023, kuma ba don nishaɗi kawai ba. Yayana da ke noman rani a Kura ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, wasu samari suka nuna masa bidiyon noman da ake yi ba ƙasa, suka ce masa idan ya zuba kuɗin a irin wannan rumfa ya rabu da asarar tumatir har abada. Da ya ji zan kai yara wurin sai ya ce, "Ka buɗe ido da kyau, ka gano mini." Kuɗin nan kuwa su ne iyakar abin da ya tara a rayuwarsa ta aiki.

Mu kamar goma sha biyu ne. Jagorarmu wata matashiya ce da ta karanta aikin gona, tana neman ƙwarewa a wurin. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba da tumatir ta fara ba, da ƙwari ta fara. Ta nuna mana wani ɗan ƙuda da tsutsarsa ke shiga tsakanin fatar ganye tana ci tana barin farin zane kamar rubutun yaro, sannan ta nuna mana maganinsa, wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro da bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke neman tsutsar ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Haka suke sakin jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi domin su cinye darɓa. Wato kiwon ƙwari suke yi domin yaƙi da ƙwari, feshi kuwa sai in abin ya gagara.

Nan hankalina ya koma 2016, shekarar da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manomanmu ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita ma cikin ganye take shiga ta ɓuya, shi ya sa mutane suka yi ta feshi suna ƙara ƙarfin magani tana ƙara taurin kai. Ba irinsu ɗaya da ƙudan da aka nuna mana ba, amma dabararsu ɗaya ce. Na tambayi yarinyar yadda suke gane ƙwaro ya shigo. Ta nuna mini wasu katuna rawaya masu danƙo da aka rataye tsakanin shuke-shuke, ta ce ana duba su a kai a kai, ana kuma bin ganye ana juya bayansa. Wannan kam ba ya buƙatar wutar lantarki, ido yake buƙata da naci.

Ɗakin binciken da suke haɗin gwiwa da ma'aikatar gona ta Amurka ta bayan gilashi muka leƙa shi, tsirrai ne ƙanana a cikin kwalabe suna girma a kan wani abu kamar kamu mai kauri. Tankunan kifi ma ba mu daɗe ba, karfasa ce dai irin tamu, yara suka watsa musu abinci suka yi ta tsalle. A babbar rumfa mai rufi kamar ƙubba kuwa sai na ga kamar an kwaso kasuwar ƙauye: ayaba, gwanda, rake, abarba, koko. Turawan da ke tare da mu suna ta ɗaukar hoton gwanda a jikin bishiya kamar sun ga aljani. Ban yi dariya ba, don na tuna yadda na yi ranar da na fara ganin tuffa a reshe.

Sai muka iso inda Yaya ya aike ni. Jama'a, gani ya kori ji. Latas ne jere a cikin dogayen bututai, ba ƙasa ko ƙwaya ɗaya, ruwa ne kawai siriri da aka narka taki a ciki yake gudana ta ƙarƙashin saiwa dare da rana. Wasu shuke-shuken ma ko ruwan ba sa zaune a ciki, saiwarsu na reto a iska fara fat, ana fesa mata ruwan takin lokaci-lokaci. Ga kokwamba da kabewa da ake sa wa mazubi tun suna ƙanana su girma da siffar kan Mickey. Ga kuma bishiyar tumatir, tushe ɗaya tal da aka ja rassansa suka rufe rumfar ƙarfe kamar inuwar durumi, 'ya'ya na reto a saman kanka. Daga birnin Beijing na ƙasar Sin aka kawo irin, kuma wata irinta a nan ce ta shiga kundin Guinness bayan ta ba da tumatir 32,194, nauyin kilo 522, tsakanin Mayun 2005 da Afrilun 2006.

Wallahi abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma amfanin tafiya a ƙafa shi ne kunne yana jin abin da na cikin kwalekwale ba ya ji. A kwalekwale kiɗa ne da muryar mai bayani. A ƙafa kuwa gurnanin famfo ne da fankoki, ba sa tsayawa ko na minti ɗaya, ga bututai da wayoyi da na'urorin auna tsamin ruwa da yawan takin da ke cikinsa, duk an ɓoye su a inda idon mai wucewa ba zai kai ba. Na ce mata, "Idan wuta ta ɗauke fa?" Ta ɗan yi shiru, da alama ba tambayar da ta saba ji ba ce, sannan ta ce saiwar da ke iska ba ta da abin da zai riƙe mata laima, cikin 'yan awoyi za ta fara bushewa.

To, ka ji inda gizo ke saƙar. Ƙasa tana da haƙuri. In manomi ya makara da ban ruwa kwana ɗaya ko biyu, fangalinsa zai riƙe masa amana. Bututu ba ya san wannan. Duk abin da ƙasa ke yi kyauta, riƙe ruwa da ajiye taki da sanyaya saiwa, a nan inji ne ke yinsa, injin kuma sai da wuta. Ƙara da zafi: tumatir yana zubar da fure in zafi ya tsananta, rufaffiyar rumfa kuwa a Kura cikin Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40, tanda ce in babu abin sanyayawa. Sannan kada a manta wannan lambu ba da kuɗin tumatir yake rayuwa ba, da kuɗin tikiti yake rayuwa. An gina shi ne don a nuna abin da zai yiwu, kuma ya nuna. Ba a taɓa ɗora wa bishiyar nan nauyin ta yi gogayya da farashin kwando a Kwanar Gafan a watan Fabrairu ba, lokacin da kaya ke yin yawa har manomi ya rasa kuɗin mota.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai, a rumfar da ke da daɓen yashi aka yi. A nan ake binne siraran tiyo a ƙarƙashin yashi suna ɗiga ruwa a gindin shuka kaɗai, ba a jiƙa inda ba a shuka komai ba. Tana cikin bayani sai ta kawo maganar haɗa shuka biyu a gona ɗaya, hatsi da dangin wake, saboda ƙullutun da ke saiwar wake suna ɗauke da ƙwayoyin halitta masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki. Mutane suna ta gyaɗa kai. Na ce mata kakana haka ya yi ta shuka gero da wake har ya koma ga Allah, bai kuma taɓa jin sunan sinadarin ba. Ta yi murna ƙwarai, ta tambaye ni tazarar da ake bari tsakanin layi da layi, na auna mata da ƙafa a kan yashin.

A ƙarshen zagayen na lissafa abin da zan iya kai wa gida, sai na ga duk masu arha ne. Tiyon ɗigo, wanda tanki a kan ɗan dandamali ya ishe shi. Katunan danƙo. Ɗaure tumatir a igiya ya hau sama, maimakon a bar shi kwance a ƙasa mai laima yana ruɓewa kamar yadda aka saba a Kadawa. Rumfar raga don renon iri, kada ƙwaro ya same shi tun yana jariri.

Da dare na kira Yaya. Na ba shi labarin bishiyar, ya yi ta salati, ya sa na maimaita masa adadin sau biyu. Sannan na ba shi labarin famfon da amsar da yarinyar ta ba ni. Na ce, "Yaya, in shawarata za ka bi, kada ka taɓa uwar kuɗin nan. Ka ware fangali goma ka gwada tiyo da igiya a bana, mu ga abin da Allah zai yi." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ya ce samarin sun ce za su haɗa masa da sola. Na ce to ya tambaye su wa zai zo gyara in famfon ya tsaya ranar Juma'a da azahar, kuma daga ina. Ya ce zai tambaya, amma kafin nan in aiko masa da hoton katin nan rawaya, gaba da baya.