Wa Ya Tsara Takun?

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki tsakanin Tambuwal da Kebbe, kuma da wuya in je biki ban ga 'yan mata suna taka rawar da suka kwaso daga finafinan Kano ba. Tun bayan Sangaya na 1999 abin ya zama ruwan dare. Sun san jarumar, sun san mawaƙin, amma ka tambaye su wa ya ce a juya nan, a karya kafaɗa can, sai kallon-kallo. Ko Koroso da ake yi wa kallon gadon kaka da kakanni, a shekarun 1970 wasu suka zauna a Kano suka harhaɗa ta. Rawa ba daga sama take faɗowa ba, jama'a.

Mu ma muna da irinsu a gida. Gwaggona ita ke tsara wa 'yan matan unguwarmu rawar kalangu a dandali lokacin ƙuruciyarta, kowace Sallah da sabon taku. Makaɗi ma ƙafarta yake kallo kafin ya sauya kiɗa. Na same ta na ce, "Gwaggo, fim nake so in yi a kanki, ba na wasan kwaikwayo ba, na tarihi." Ta ce, "Kai yaro, na tai Makka, ga jikoki, sannan ka sa ni cikin waya ina juyi?" Ban ga laifinta ba. A nan wajenmu kowa na son kallon rawa, ba mai son a ce tasa ce ke yi.

Abin haushi, Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, tun 1971 ya shiga tsakiyar masu rawa a Simiri ta Nijar da kyamara a kafaɗa, ya ɗauki Tourou et Bitti a jan numfashi guda. Har gobe ana kallonsa.

Amma dabarar daga Jamus ta zo mini. Wim Wenders na shirin ɗaukar gwanar tsara rawa Pina Bausch sai ta rasu a 2009. Da fari ya fasa, daga baya ya juya kyamara kan 'yan rawarta, fim ya fito a 2011, ana ganin hannunta a jikin kowannensu.

Na koma wa Gwaggo da wannan. Ta yarda in ɗauki muryarta da tafinta, ban da fuska. Cikin ƙawayenta 6 na dandali saura 2 a raye, ɗaya ta amince ta koya wa jikokinta takun a tsakar gida, ni kuma in tsaya kan sawaye kawai. Mun sa rana bayan an gama girbin gero. Makaɗi nake nema yanzu, wanda bai manta tsohon kiɗan ba.