Barde Mai Alƙalami

Jamusawa na da wani barde, Wolfram von Eschenbach, wanda ya rayu tsakanin wajen 1170 da 1220. Mutumin doki ne da sulke, irin masu raɓar manyan sarakai su yi masu aiki a ba su abinci da suna. Ya bar wata doguwar waƙa, Parzival, mai layi kusan 25,000, labarin wani yaro da uwarsa ta ɓoye cikin daji don kada ya san yaƙi, amma ƙarshenta sai da ya hau doki. Cikin waƙar, Wolfram ya bugi ƙirji ya ce garkuwa ce gadonsa, shi bai san ko baƙi guda ba. Har yau masana na gardama: gaskiya ya faɗa, ko kuwa ba'a yake wa malaman zamaninsa? Ko ma wanne ne, wasu sun zauna da fata da tawada sun rubuta abin da ya tsara, har kwafi sama da 80, cikakku da guntaye, sunka iso zamaninmu. A 1917 garinsu ya ɗora sunansa bisa nasa.

Tun da na san labarin wanga mutum nake tambayar kaina: mu wa ke gare mu? Wane ne ya hau doki ya shiga daga, ya dawo ya tsara waƙar abin da idonsa ya gani? Amsar ba ta da wuyar samu. Haɗiye ta ne ke da wuya ga irina, ɗan ƙasar Gidan Runji, wanda kakarsa ke ɗauke da zanen Gobirawa a kumatu.

Amsar ita ce Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. An haife shi wajen 1766, ya rasu a Gwandu a 1829. Shi ya ja rundunar jama'ar Shehu ranar Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, inda ƴan baka masu dawaki ƙalilan sunka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Ya kuma ga baƙar rana a Alwasa a 1805, ya yi makokin abokansa da sunka faɗi cikin baitoci. A 1813 ya tara waƙoƙinsa na Larabci cikin Tazyinul Waraƙati, kowace waƙa da bayanin abin da ya jawo ta, sai littafin ya zama rabi diwani rabi tarihin rayuwa. Ga mu ƴan kimiyyar harshe akwai ƙarin zumunci: shi ya tsara Bahrul Muhiɗi a fannin nahawu da Hisnur Rasini a fannin sarfu, dukansu a waƙe. Wato da yau yake raye, sashenmu za a kai shi ya koyar.

To ga inda gizo ke saƙa. Cikin waƙarsa ta Kwatto akwai masu gudu, sun watsar da kayansu sun ranta cikin na kare. Waɗannan masu gudun kakannina ne. Ba na jayayya da Shehu, littattafansa da na ƙanensa ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Tsibiri kamar yadda ake karanta su a Sakkwato. Addini ya haɗa mu da Shehu, jini ya haɗa mu da Alƙalawa. Sai dai in kana karanta baiti mai daɗi, kana jinjina wa mai shi, kuma ka san gidanku ake wa dariya a ciki, wani abu na tokare maka maƙoshi. Duk wani Bagobiri ko Bakatsinen Maraɗi da ya karanta tarihin jihadi a lakwal ya san abin da nake nufi, ko da bai taɓa faɗa ba.

Abin da ya sa na riƙi Malam Abdullahi da girma duk da haka shi ne abin da ya yi a 1807. Ana kan hanyar yaƙi, nasara na ta zuwa, sai ya juya ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Ya ga mutanensa sun fara son mulki da dukiya da tufafin ƙawa, abin da anka fito yaƙa ya dawo ta bayan gida. A Kano mutane sunka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta masu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya koma. Zafin da ya ji ya zuba shi cikin waƙa, kuma bai rage wa nasa komai ba. Mawaƙin da ya iya juya alƙalaminsa kan ƴan gidansu, ko ya soke ka, ka san ba don kwaɗayi ya yi ba. Wolfram ma na da irin wannan hali: cikin ɗaya waƙarsa, Willehalm, mai labarin yaƙin Kirista da Musulmi, ya sa wata mace ta tashi gaban barade tana roƙon a tausaya wa abokan gaba, don su ma halittar Allah ne.

Yanzu mu duba namu ɓangaren. Alƙalawa ta faɗi a 1808, anka kashe Yunfa. Katsinawan da anka kora sunka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819. A 1836 anka yi Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda sunka kwanta dama. Bayan nan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri da goyon bayan Ɗan Mari, kuma daga waɗannan garuruwa biyu anka ci gaba da gwabzawa shekaru da dama, har zamanin Ɗan Baskore. Nana Asma'u ta yi wa Gawakuke waƙa da Fulatanci. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya biyo ta Tasawa ya sauka Gazawa a watan Janairu na 1851, ya rubuta yadda ya iske garin a kange cikin shirin yaƙi, da yadda ya ratsa dajin da ke tsakaninsa da Katsina, ya wuce ta kangon Ɗankama. Ka ga ke nan in ɗalibi ya shiga ɗakin karatu neman labarin wancan zamani, muryar Sakkwato zai fara ji, sai ta baƙo.

Wannan ba ya nufin baradenmu bebaye ne. Barden Hausa mawaƙi ne tun asali. Kafin ya sukwani doki yana yi wa kansa kirari, makaɗinsa na amsawa da ganga, in ya mutu kirarin ya zama gadon gidan makaɗin. Bambancinsu da Wolfram guda ne: shi ya samu masu rubuta masa, su kuwa an bar nasu a bakin maroƙa, daga uba zuwa ɗa.

A ƙauyen su innata, kusa da Tsibiri, akwai wani tsoho makaɗi da ke iya jero sarakunan Gobir ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, tun kafin Bawa Jan Gwarzo. Da hutun bara na zauna gabansa da salular aro. Sai da ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai da ke boko, mi za ka yi da zancen maroƙa?" Na ce, "Baba, shi ne karatun nawa." Minti 40 na ɗauka kafin batir ya mutu. Da damina Allah ya yi masa rasuwa. Ɗansa guda na kabu-kabu a Maraɗi, guda ya tafi arewa haƙar zinariya, kuma ba mai ganin laifinsu: roƙo ba ya ciyar da gida yanzu, ga gorin da ake wa mai yin sa. Cikin minti 40 ɗin nan akwai kalmomin da na tambayi tsofaffi uku kafin in samu mai fassara mani. Ƙara da wannan, tun 2019 ƙauyukanmu na bakin iyaka ke fama da ƴan bindiga da gudun hijira. In gari ya watse, ba rumbu kaɗai ake bari baya ba, har da wanda ya san labarin garin.

Na san wani zai ce wannan tonon tsohuwar gaba ne. Ni ban gan shi haka ba. Gabar ta mutu tuni, Narambaɗa ma Sarkin Gobir na Isa ya yi wa waƙa, cikin ƙasar Sakkwato, kuma kowa na saurare. Alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum guda, kuma Malam Abdullahi da ya rubuta littafi kan shari'a shi zai fara gaya muna haka. Waƙarsa za ta ƙara daraja ne in an ajiye ta gefe da kirarin waɗanda ya kara da su.

An taɓa fara wannan aiki. Bubu Hama ya fitar da littafi kan tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, Issaka Dankoussou ya tattara labaran Katsinawan bayan jihadi a 1970, ga kuma cibiyar CELHTO a Yamai mai adana adabin baka. Saura namu. Mu kuwa muna da abin da ba su da shi, don kowa na yawo da na'urar ɗaukar murya a aljihu.

Sai dai a yi shi da ƙa'ida. A fara ɗaukar murya kafin rubutu, don rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya muke rubuta su, alhali ganga karin take bi. A rubuta yadda tsoho ya furta, in ya ce "hwaɗa" kada a gyara masa zuwa Kananci. A tambayi sunan kowane kayan doki, don sirdi da linzami da likkafa da lifidi duk daga Larabci sunka shigo, kalmomin da kansu tarihi ne. A rubuta rana da gari da wanda ya koya wa mai maganar. Kuma a tafi da goro da ɗan abin hasafi, sana'arsa ce ka zo nema.

Ƴan Agye, ƴan Gazawa, ƴan Gidan Runji, hutu ya kusa. Kowa ya binciki makaɗin garinsu tun yana da sauran numfashi, ya cika batir kafin ya fita. In mun dawo, mu haɗa abin da munka samo, fitowa ta gaba ta wannan ɗan littafi ta zama tasu.